Gangar Jikin Matiyu

Shagona da na Elkana bango ɗaya ya raba su, bangon kuma na kwano ne, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Sunana Gumsu. Turaren wuta nake sayarwa da humra, sana'ar da uwata ta zo da ita daga Borno. Shi kuma fenti yake yi. Shekara da shekaru ƙamshina da warinsa suna kokawa a layin nan na bayan kasuwar Mubi, kuma yawanci nasa ne yake kayar da nawa.

In ka kira shi mai rubuta allon shago, ranar ba zai amsa gaisuwarka ba. Alhali abin da yake ci da shi ke nan: allon mai aski, allon mai kemis, rigunan 'yan makaranta da yake buga wa tambari, sai kalandar ƙarshen shekara. Amma je ka ga abin da ya rubuta a saman ƙofarsa da jan fenti, harafi kamar tafin hannu: ELKANA, MAI ZANEN YAƘI.

Littafi ne ya sa masa wannan cuta. Wani tsohon littafi marar bango da ya tsinta tun yana makarantar koyon sana'a, cike da aikin wani Bature da ya mutu shekara ɗari uku da wani abu da suka wuce, a zamanin da Elkana yake kira Barok yana murɗa baki. Ban taɓa riƙe sunan mutumin ba, Elkana ma "Maigidana" yake ce masa. A cewarsa, Maigidan nan rundunoni yake bi daga gari zuwa gari. Sai ya sami tudu ya zauna da takarda a cinya, mutane suna kashe juna a ƙasa, shi yana zana su. In ya koma gida ya yi wa sarki babban zane na fenti, sannan ya ɗauki faifan tagulla ya karce hoton a jiki da allura, ya zuba asid ya ci, ya shafa tawada, ya yi ta bugawa a takarda ana sayar wa marasa ƙarfi.

Na sha wannan karatu har na ƙoshi. Da kasuwa ta yi sanyi sai ya zagayo da littafin ya baje mini a kan kwalaben humra.

"Ya Gumsu, duba nan. Ka ga babban mutum a gaba, yana nuna hanya da sanda? Yaƙin kansa yana can baya, ƙanana-ƙanana, cikin hayaƙi. Hayaƙin nan shi ne sirrin aikin. Duk abin da ba ka sani ba, ka rufe shi da hayaƙi."

Abin da Elkana bai sani ba kuwa yana da yawa, don haka hayaƙi ba ya yanke masa. A shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo Mubi, kowa ya ranta a na kare, har da ni, ba abin kunya ba ne. Amma ban ga wanda ya kai Elkana sauri ba. Mu da muka isa Belel ƙafafu a kumbure, mun tarar ya riga ya yi wanka, yana zaune a gindin bishiya da littafinsa a hammata. Matarsa da 'ya'yansa sai daga baya suka iso. Duk abin da mai zanen yaƙi ya gani na yaƙi bai wuce ƙeyar mutanen da ya wuce a hanya ba.

Matiyu ma ya gudu, amma shi ya dawo. Manomi ne daga Gude, da rani kuma yana taɓa farauta. Ya raka matarsa Ruth da tsohon ciki har ya haɗa ta da ayarinmu, ya juya ya bi maharban da suka fita yaƙar 'yan bindigar. A kusa da Mayo Bani aka harbe shi, abokansa suka binne shi a can. Ruth ta haifi Anita a wani ajin makaranta a Belel, ni ce na riƙe zani na kare ta daga idon mutane. Tun daga ranar ta zama tawa.

Da muka dawo, gidansu toka ne. Abin da ya rage na Matiyu a duniya ɗan ƙaramin hoto ne irin na katin shaida, wanda Ruth ta ƙulle a bakin zani ta gudu da shi. Anita tana fara magana, Ruth ta ɗauko hoton da buhun gyaɗa ta kawo wa Elkana.

"Oga Elkana, ina so yarinya ya san babansa. Wannan ya yi ƙarami, ko hancin ba a gani sosai. Ka yi mini babba."

Elkana ya yi ta murza hannu, baki har kunne. Shekara nawa yana jiran wanda zai kawo masa yaƙi, ga shi an kawo masa har shago. Ya samo allon katako mai tsayin ƙofa. Ya zaunar da Ruth yana yi mata tambayoyi: yaya yake tsayuwa, da wane hannu yake riƙe bindiga? Ta ce bahago ne. Ta ce yana da gwame. Ta ce injin niƙa ya gutsure masa ɗan ƙaramin yatsan hagu tun kafin su yi aure.

Dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: Elkana ya iya. Ya tsayar da Matiyu a kan dutse a gaba, da rigar fata da bindigar toka a kafaɗa, ya miƙa hannun hagun nan mai guntun yatsa yana nuna wata gadar kogi. Can baya mutane ƙanana-ƙanana cikin hayaƙi. Fuskar kuwa, ni da na san Matiyu yana kawo wa matarsa yakuwa kasuwa, sai da na kusa gaishe shi. Ranar da Ruth ta gani, ta daɗe tana kallonsa. Ta fito ta zauna a bencina ta yi kuka mai isarta, sannan ta sha ruwa ta ce gobe za ta kawo Anita.

Elkana ya ce a'a, a bari tukun, hayaƙin gefen dama bai ƙare ba, kuma fenti bai bushe ba.

A cikin makon nan ne Alhaji Harun ya shigo ba da odar kalanda. Shagonsa na siminti yana tsallaken namu. Ɗan'uwanmu ne, ɗan Borno, saboda haka ina da izinin faɗa: yaƙin nan a Kano ya yi shi, a gidan ƙanensa, ƙarƙashin fanka. Ta bangon kwano na ji komai.

"Wane ne wannan?"

"Wani manomi ne, Alhaji."

"Manomi? A gaba haka?" Ya shafa gemu. "Ni fa na aiko wa maharban nan buhun shinkafa."

"Ai shi ke nan, ranka ya daɗe, ka yi yaƙi. Maigidana ma waɗanda yake sawa a gaba ba su taɓa harba komai ba. Nuna hanya kawai suke yi."

Yinin ranar na ji ƙarar sanfefa ta bango, ƙus-ƙus-ƙus. Ban kawo komai ba, don kullum cikin goge alluna yake. Bayan kwana biyu na leƙa aron almakashi, sai na ga Alhaji Harun a kan dutse, da gemunsa mai lalle, da rigar fatar Matiyu. Tumbin da ya yi shekara talatin yana tarawa ya ɓace.

Na ce, "Elkana, kana tsoron Allah kuwa?"

Ko a jikinsa. Ya jawo littafin ya buɗe mini wani shafi, hotuna biyu gefe da gefe, jiki ɗaya, takalmi ɗaya, sanda ɗaya, kai daban-daban.

"Ba ni na fara ba, Ya Gumsu. Tagulla yana da tsada. In sarki ya mutu ko an kore shi, ba a jefar da faifan. Kan ake kankarewa tas har wurin ya dawo sumul, a karce na sabon sarki. Sana'a ne, yana da ƙa'ida."

"Na Ruth fa?"

"Yana nan a ƙasa. Fenti kawai na ɗora. Mu ɗauki hoto a waya, a buga kalanda, sai in wanke masa kayansa."

Kalanda ta fita da rubutu a ƙasa: Alhaji Harun, Zakin Mayo Bani. Aka raba wa kwastomomi, aka rataya a shaguna. Ban jira ba, na aika a kira mini Ruth don ta ji a bakina, amma ta riga ni. Sai ga ta da kalandar a naɗe, ta ciro ta daga bangon wani mai shayi. Ta shimfiɗa ta a teburin Elkana ta ɗora yatsa.

"Wannan hannun mijina ne."

Elkana ya yi rantsuwa, ya dafa ƙirji, ya kira sunan uwarsa. Ya ce Matiyu yana nan a ƙarƙashi lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. Ya ce sai dai a bar fentin sama ya zauna, in an wanke da wuri zai taso da na ƙasa.

"Ka yi haƙuri kaɗan, Maman Anita. Aikin hannu ba a yi masa gaggawa."

Ruth ta yarda. Na yi mata faɗa, na ce ta kai shi wurin fasto, ta kai shi wurin mai unguwa, ta kai shi ko'ina. Ta ce in ta matsa masa zai wanke da fushi ya ɓata fuskar. Ta tambaye shi ɗan hoton nata, ya ce yana cikin littafi, kuma duk Mubi babu ma'ajiyar da ta kai littafin nan tsaro.

Kafin fentin Alhaji ya gama zama, sai ga Ciyaman John na 'yan tifa. Shi a shekarar gudu ya yi aiki, ba ƙarya, ya yi ta jigilar mutane zuwa Yola a bayan tifa, kuma ko jaririn goye sai da ya biya. Ya ga kalandar Alhaji ya ji haushi. Elkana ya ɗora masa nasa kan, har da tabarau da wushirya. Ciyaman riguna masu hotonsa ya so, don haka Elkana ya yi ragar buga riga guda biyu, babba ta jiki, ƙarama ta kai, yadda gobe in wani ya zo ƙaramar kawai za a canja. Ya zo yana nuna mini wannan dabara kamar wanda ya gano maganin zazzaɓi.

Haka aka yi ta tafiya. Manyan layinmu suka zama bahagwai, masu gwame, masu guntun yatsa, kuma babu wanda ya ce uffan, don kowa ya san inda maƙwabcinsa ya yi nasa yaƙin. Ruth kuwa duk ranar da ta kawo ganye kasuwa sai ta biyo. Ta tsaya a bakin ƙofar Elkana da kwando a ka, ta yi ta kallon wurin fuskar, ko ta wane ce a kai a lokacin, kamar mai kallon ƙofar ɗakin da mutum yake barci a ciki. Ba ta taɓa kawo Anita ba. Ta ce ba ta so yarinya ta fara ganin ubanta da gemun wani.

Abin yana ƙona mini rai, kuma ban ɓoye ba. Na daina ba Elkana aron almakashi. Na daina amsa masa in ya zo da littafi. Bai dame shi ba, ya koma yi wa mai gyaran waya karatu.

Bana cocin su Ruth suka sa ranar tunawa da waɗanda suka rasu a shekarar gudu, aka ce kowane gida ya zo da hoton nasa a jera a gaba. Anita ta girma, ta kai kafaɗar uwarta, ta iya tambaya. Ta ce kowa a ajinsu na ranar Lahadi yana da abin da zai riƙe, ita fa? Ruth ta zo wurin Elkana, ni ma na zagaya na tsaya.

"Oga Elkana, ba ni ƙaramin hoton dai. Shi ma ya isa."

Ya sauko da littafin daga saman kanta yana hura ƙura. Ashe kwanon shagon yana yoyo daidai wurin, damina nawa ban sani ba. Shafukan tsakiya sun manne sun zama kamar ƙanzo. Ya sa wuƙa ya ɓamɓare. Ga hoton nan, fari fat, sai wuyan riga da kunne ɗaya.

"Wayyo!" in ji Elkana, ya kama kai. "Wannan fa shafin yaƙin teku ne! Babu irinsa a duk littafin!"

Ruth ta ɗauki farar takardar ta juya ta, ta sake juyawa. Ta ɗago ta dubi Elkana.

"To wanke allon."

Nan fa aka fara kame-kame. A lokacin kan da yake bisa allon na Onarabul Zubair ne, wani matashi mai neman kujerar kansila, wanda a shekarar gudu yana jami'a a wata jiha yana rubuta jarrabawa. Shi kalanda ba ta ishe shi ba, allon ɗungurungum yake so a ofishin kamfen, kuma ranar Asabar zai zo da jama'arsa ya ɗauka.

"Aro ne kawai, Maman Anita. Zaɓe yana wucewa zai dawo. Ka san mutanen nan, in sun ci ba sa tuna allo, in sun faɗi ma haka."

Ruth ta ƙulle farar takardar a bakin zani ta fita. Taron coci ranar Lahadi ne.

Asabar da hantsi Elkana ya fito da allon waje ya jingina a kan kujeru biyu, ya lulluɓe da zanen gado. Ya sa wata hula mai laushi da ta zubo gefe ɗaya, wai irin ta masu zane ce. Onarabul ya iso da motoci da samari masu riguna iri ɗaya da lasifika. Layi ya cika, har masu nama suka baro teburansu. Alhaji Harun ya sa aka fito masa da kujera ƙofar shago. Ciyaman John ma yana nan, don shi ne ya ba da motocin. Aka miƙa wa Elkana makirufo, ya fara daga haihuwar Maigidansa. Ya kai shi yaƙi na biyu ke nan aka ƙwace makirufon, aka yaye zanen gado, samari suka yi ihu.

Ta tsakiyar ihun nan Ruth ta ratso, Anita tana bayanta. Kwalbar fetur ce a hannunta. Ta tsaya a shagona ta ce in ba ta tsumma, na kwance tsohon ɗankwalin da nake rufe kwalabe da shi na ba ta. Ban tambaye ta komai ba. Na bi ta da kaskon turarena a hannu, don ina cikin gwada wa wata mata turare ne.

Onarabul ya ga mace da yarinya, ya ga wayoyi a sama, ya yi irin murmushin da 'yan siyasa suke yi.

"Mama, lafiya dai?"

"Lafiya, ɗana. Mijina na zo ɗauka."

Ta jiƙa tsumman ta ɗora masa a goshi, wato goshin allon, ta fara gogewa. Samarin suka yunƙuro. Matan kasuwa ba wanda ya kira su, sai ga su sun zagaye ta da faranta da kwanduna, kowacce ta sha mur. Onarabul ya sake duban wayoyin nan, ya ɗaga wa yaransa hannu su tsaya.

Hularsa ce ta fara narkewa, ta zubo ta kan hancinsa. Kumatunsa masu sheƙi suka bi. Ba tsaf abin ya fito ba, duk ya dame, amma da tsumma ya sake wucewa sai ga tabarau, sai ga wushirya.

"Ciyaman!" in ji wani mai nama. "Wallahi Ciyaman ne!"

Layi ya ɗauka. John ya cire tabarau ya sa a aljihu, kamar hakan zai taimaka. Ruth ta ƙara fetur. Tabarau ya tafi, wushirya ta tafi, sai ga jan gemu yana leƙowa ta ƙarƙashin haɓar Ciyaman. Wannan karon ba a ma kira suna ba, kowa juyawa kawai ya yi ya kalli tsallake. Alhaji Harun ya tuna yana da aiki a cikin shago. Mutane suna riƙe ciki, wata mai ƙosai har da zama a ƙasa. Ni ma na yi dariya, na yi ta da gaske, don na daɗe ina jiran ranar nan.

Anita ce kawai ba ta yi ba. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta kama zanin uwarta, idonta a kan allon. Ruth ta canja gefen tsumma. Ta daina dirzawa, ta koma shafawa a hankali, yadda ake wanke wa jariri fuska.

"Anita, matso. Yanzu zai fito."

Gemun ya tafi. Hancin Alhaji ya tafi. Sai wani abu ruwan ƙasa-ƙasa ya fara bayyana, Ruth ta ja numfashi, ni ma na ja. Ta ƙara shafawa. Katako ne. Katako tsirara, sumul, da sawun sanfefa a jikinsa zagaye-zagaye, tun daga inda gashi ya kamata ya fara har zuwa wuyan rigar fata. Ta matsa sama ta goge, ta matsa gefe wajen kunne ta goge. Ta ƙarar da fetur ɗin kwalbar duka a wurin.

Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya, don na baya ba su gani da wuri ba. Ni kuwa sai ƙus-ƙus ɗin nan na shekarun baya ya dawo mini a kunne.

Na ce, "Elkana."

Ya cire hular yana murɗa ta. Ya yi tsuru-tsuru, amma ko a nan bakinsa bai mutu ba.

"Na farkon... ai ƙa'ida na bi. Maigidana ba ya ɗora kai a kan kai, kankarewa yake yi. Daga baya ne oda ya yi yawa, ban samu lokaci ba." Ya dubi Ruth, ya dubi allon, ya ɗan karkata kai yana auna wurin da ido. "Maman Anita, kada ka damu. Kafin gobe zan iya sa hayaƙi a wurin."

Ban san lokacin da kaskon ya bar hannuna ba. Bai same shi ba, ƙofar shagonsa ya samu, garwashi ya watse, turarena mai tsada ya tashi a banza. Na faɗa masa maganganu da Hausa, da suka ƙare na koma Barbarci. Ba zan maimaita su a nan ba.

Ruth ko waiwaye ba ta yi ba. Tana tsaye da tsumma a hannu, fetur yana ɗiga ta gwiwar hannunta. Anita ce ta yi magana, kuma layin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Mama, hannun fa? Nasa ne da gaske?"

"Nasa ne."

"Ƙafan ma?"

"Duka nasa ne."

Yarinyar ta miƙa hannu ta taɓa guntun yatsan. Daga nan ta kama ƙasan allon, uwar ta kama sama, suka ɗaga. Mutane suka dare suka ba su hanya. Onarabul ya riga ya shiga mota. Wani mai keke ya sauke fasinjansa ya ɗora musu allon a sama, bai karɓi komai ba. Ruth ta ce masa useko, wato na gode da Fulatanci, suka tafi.

Ni ba na shiga coci, amma Mercy, maƙwabciyar Ruth, ta ba ni labari. Ta ce kowa ya zo da ɗan hotonsa a firam, na su Ruth kuwa sai da maza biyu suka shigar da shi. Aka jingina shi a gaba, ya fi duka tsayi. Da aka kira sunan Matiyu, Anita ta je ta tsaya a gefensa kamar yadda sauran yara suka yi.

Shagon Elkana kwana biyu ya yi a rufe. A na uku na ji ana buga ƙusa, na leƙa, sabon allo ne. Wani mai neman shugabancin 'yan kasuwa ya ba da oda. Na ce ina zai sami jarumi yanzu da Ruth ta tafi da nata? Ya zaro waya yana nuna mini, ko kunya babu.

"Jikin ai yana nan a waya, Ya Gumsu. Ragar ma yana nan."

Yanzu Anita ce take kawo ganye kasuwa ranar Asabar, in uwarta tana gona. Takan tsaya wurina in ba ta ruwa. Makon jiya ta ajiye kwando ta ce tana zuwa. Na bi ta da ido. Wurin mai shayin kusurwa ta nufa, inda har yau tsohuwar kalandar Alhaji Harun take rataye, shekararta ta wuce tuntuni, an bar ta ne don tana rufe wani rami a bango. Yarinyar ta ja benci ta hau. Ta ɗora tafin hannunta a kan fuskar Alhaji ta rufe ta ruf, ta tsaya tana kallon sauran.